Motar Haya a Ƙasar Waje: Wanda Ya Sa Hannu Shi Ke da Kaya



Kimanin mako uku bayan ƙaramar Sallah, wani ɗan ƙungiyarmu ya same ni a gida bayan Isha'i, yana son in rubuta masa takardar neman rance daga asusunmu na taimakon juna. Na san shi ba mai roƙo ba ne, yana da sana'arsa, kuma bai taɓa fashin kuɗin wata ba. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce maganar Umra ce. Na ce wace Umrar, wadda aka je aka dawo lafiya, har muka zo sannu da zuwa muka sha zamzam? Ya yi murmushi, ya ce, "Sakatare, ni na dawo, amma aljihuna yana can."

Ya ba ni izinin in kawo labarin nan muddin ban ambaci sunansa ba, saboda yana ganin wani zai amfana.

Su huɗu suka tafi a goman ƙarshe na azumi. Da suka sauka Jidda sai ɗayansu ya kawo shawara: maimakon kullum ana ciniki da masu tasi, me zai hana su ɗauki hayar mota ta kwana biyar, su je Madina su dawo, su zaga wuraren ziyara yadda suke so, a raba kuɗin gida huɗu? A lissafin baki abin ya yi araha. Shi kaɗai ne a cikinsu yake da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da katin banki na dala, don haka da sunansa aka rubuta komai. Aka miƙo masa takarda da Larabci da Turanci, ya sa hannu bai karanta ba, don mutane suna jira a bayansa. A hanyar Madina ya gaji, ga azumi ga rashin barci, sai ya miƙa wa abokinsa sitiyari. Abokin ya ga titi sumul, babu rami babu shingen bincike, ya taka. Da suka isa, wajen ajiye mota a ƙarƙashin otal, ya goga gefenta da ginshiƙi. Suka duba suka ce wannan ai ƙaramin abu ne, da a gida ne mai gyaran jiki zai shafe shi cikin awa ɗaya. Ba su kira kowa ba.

Ranar mayar da mota aka fara yi masa karatun ta natsu. Kilomitar da suka ci ta wuce abin da aka ƙayyade masa a kowace rana, kuma kowace kilomita ta ƙari tana da farashinta. Gogewar nan babu rahoton haɗari, saboda haka inshora babu ruwanta. Kuɗin jinginar da aka riƙe a katinsa ya tafi gaba ɗaya. Ya dawo Suleja yana ganin an gama, sai tarar kamara ta biyo shi, ana ta cira daga katin. A cikin abokan tafiyar, ɗaya ya kawo kasonsa ba tare da an tambaye shi ba. Sauran biyun suka ce Allah Ya kiyaye gaba, har da wanda ya yi gudun ya kuma goga motar.

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba: mafi yawanmu da ke zuwa Umra, ko saro kaya a Dubai, ko kai mara lafiya Alƙahira, ba mu da buƙatar hayar motar da za mu tuƙa da kanmu. Wanda kuma ya ga lallai sai ya ɗauka, to ya san cewa abin da zai shiga ba shi ne abin da muka sani a gida ba.

Mu abin da muka saba da shi shata ce. Za a kai amarya Bida ko za a je ta'aziyya Kaduna, ka kira direban da ka sani ko ka je tasha, ku yi ciniki da baki, ya zo da motarsa ya tuƙa. Taya ta fashe, matsalarsa ce. Jami'ai sun tare shi a Dikko ko a Tafa, shi zai sauka ya yi magana. Ko aron mota ka yi wurin ɗan'uwa ka goga ta, za ka je da wani babba a ba da haƙuri, ya ce haba, ai tsautsayi ne. Duk mu'amalarmu da mota a kan sanayya take, kuma "yi haƙuri" tana aiki. A can kuwa, yaron da ke bayan kanta ma'aikaci ne, ba shi da ikon yafe maka ko riyal ɗaya ko da ya so. Takarda ce ke magana, da kwamfuta, da kamara. Babu ɗaya a cikinsu da ta san kai Alhaji ne ko kana azumi.

Mu fara da lasisi, domin a nan ake fara mayar da mutum. Lasisin ƙasa da ƙasa ba wani lasisi ne mai zaman kansa ba, fassara ce ta lasisinka na gida, kuma tare ake nuna su. Idan na gida ya ƙare, wancan ma ya zama takardar banza. Ka nema ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tun kafin tafiya ta matso, kada ka bi ta hannun wani yaro da zai ce zai buga maka a intanet cikin minti goma. Kada kuma ka dogara da takardar wucin gadin nan da ake ba mu kafin katin lasisi ya fito. A hanyar Minna tana aiki, amma ma'aikacin kamfanin haya a wata ƙasa bai san ta ba. Ka duba yadda aka rubuta sunanka a lasisi da a fasfo. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan mahaifi ya koma gaba, ya isa a ce maka a'a bayan ka riga ka biya ta waya. Kamfanoni da yawa suna da ƙa'idar shekaru, wasu 21 wasu 25, kuma suna son lasisin ya kai aƙalla shekara ɗaya a hannunka. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou kuma su sani cewa ƙasar Sin ba ta karɓar lasisin ƙasa da ƙasa sam, sai an nemi izininsu na can.

Sai maganar kati, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu. Farashin da kake gani a talla na haya ne kawai. Ban da shi, kamfani zai riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina, sau da yawa ya fi kuɗin hayar kanta. Turawa da Larabawa suna amfani da katin bashi, saboda haka riƙewar ba ta taɓa kuɗin cefanensu. Mu kuwa katin cire kuɗi ne da mu. Wasu kamfanonin ba sa karɓar sa ma, waɗanda suka karɓa kuma guzurinka na gaske suke daskarewa. Ka je biyan kuɗin otal ko sayen tsaraba, kati ya ƙi. Ko ka mayar da mota lafiya lau, sakin kuɗin yana iya ɗaukar makonni, domin suna jira su ga ko wata tara za ta ɓullo. Kowa ya tuna yadda bankunanmu suka dakatar da amfani da katin naira a waje a shekarun 2022 da 2023. Wasu sun dawo da shi a 2025, amma da iyaka. Ka shiga bankinka ka tambayi iyakarka kafin ka hau jirgi. Ka kuma tuna cewa riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kowace dala ɗaya, dirhami ma haka yake a ɗaure. Naira ce ke motsi, musamman tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Bashin da ya biyo ka gida da riyal yana iya girma kana kwance a ɗakinka.

Inshora kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba mu ɗauke ta komai ba. A gida takarda ce da muke saya naira 15,000 (da 5,000 ce kafin 2023) don kada a tare mu a hanya, kuma ban san mutum uku a cikinmu da suka taɓa zuwa neman diyya da ita ba. Da wannan tunanin muke fita. A can, inshorar da ke cikin farashi mai araha yawanci tana kare wanda ka buge ne, ko kuma ta kare motar amma a bar maka wani kaso da dole ka fara biya daga aljihunka kafin ita ta shigo. Ka tambayi wannan kason nawa ne, a rubuta maka da lamba. Taya, gilashi, ƙarƙashin mota da makulli sau da yawa ba sa ciki. Idan aka ce ka ƙara kuɗi kullum a sauke maka wannan kason, kada ka yi saurin cewa wayo ake yi maka. Wani lokaci wayon ne, wani lokaci kuma shi ne abin da zai hana ka zuwa gidan sakatare bayan Isha'i.

Abubuwa biyu ne suke rushe inshorar baki ɗaya, kuma duk biyun ɗan'uwanmu ya faɗa cikinsu. Na farko, ba wa wanda sunansa ba ya cikin takarda tuƙi. A wurinmu rowa ce ka hana abokin tafiya sitiyari, kuma tausayi ne ya karɓe ka idan ka gaji. A wurinsu saɓa yarjejeniya ne. Idan kun san za ku yi karɓa-karɓa, ku rubuta sunan direba na biyu tun a kanta, da lasisinsa, ku biya ɗan abin da aka ce. Na biyu, rashin rahoto. A Saudiyya akwai kamfanin da ake kira Najm, shi ke zuwa ya duba haɗarin da ba a ji rauni ba, ya rubuta wa ke da laifi da kaso nawa. Idan da rauni sai 'yan sandan hanya. A Dubai ma ko ƙaramar gogewa ce sai da rahoton 'yan sanda, kuma gareji ba ya taɓa motar sai da shi. Dabi'armu ta "mu sasanta a nan, kowa ya gyara tasa" ita ce ke jefa mutum rami. Wanda ya buge ka zai roƙe ka, ya ce shi ma baƙo ne, ya miƙo maka wani abu. Ka karɓa, ya tafi, kai kuma ka zama mai laifin da ba ka da shaidar kare kanka.

Yanzu kamara. Ina roƙon matasanmu masu jigila tsakanin Suleja da Abuja kullum safiya, waɗanda suka iya kutsawa a Madalla da Zuba, su saurara da kyau. Ƙwarewar nan da kuke taƙama da ita, ta shiga gaban mutum ba sigina, ta bin gefen titi idan an cushe, ta wuce danja idan ba a ga jami'i ba, ita ce ainihin abin da ake cin tara a kansa a can. Saudiyya tana da tsarin kamarori mai suna Saher tun 2010. Ba gudu kaɗai yake kamawa ba, har da rashin ɗaura bel da riƙe waya. Wuce jar danja tararsa daga riyal 3,000 take farawa, wato dala 800. Kowa ya buga wannan da farashin dala na yau ya ga ko kuɗin jarin wani ne ko a'a. A wasu sassan hanyar Makka zuwa Madina an yarda ƙaramar mota ta kai kilomita 140 a awa, sai mutum ya saki jiki, can gaba allo ya canza ya sauko, shi bai lura ba. Babu wanda zai ɗaga maka hannu, babu wanda za ka ce wa "ranka ya daɗe". Walƙiya ce kawai, wani lokaci ma ba za ka gan ta ba.

A Dubai akwai Salik, kuɗin wucewa ta wasu manyan tituna, tun 2007. Babu rumfa babu shinge, ka bi ta ƙarƙashin ƙarfe an cire. Shekaru da dama dirhami 4 ne, daga farkon 2025 ya zama 6 a lokutan cunkoso. Ɗan kuɗi ne, amma wanda bai san gari ba yana iya zagaya ƙofa ɗaya sau huɗu yana neman hanyar Deira, kuma kamfanin haya yana ɗora nasa ladan a kai. Wani tarkon kuma: a Dubai ana ɗaga wa direba ƙafa kaɗan sama da abin da ke kan allo, amma Abu Dhabi ta soke wannan tun 2018, abin da aka rubuta shi ke nan. Ƙasa ɗaya, titi ɗaya, doka biyu. Landan ma tun 2003 take karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari ta kamara, kai ne za ka tuna ka biya, in ka manta tara ta ninka.

Tunda na ambaci Landan, akwai maganar hannu. Dattawanmu sun tuna lokacin da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a watan Afrilun 1972. Mu da aka haifa bayan nan ba mu san wani hannu ba. Saudiyya, Dubai, Masar, Nijar da Gana duk irin namu ne. Amma Ingila, Indiya, Malesiya, Kenya da Afirka ta Kudu hagu suke bi. Sitiyari yana dama, giya tana hannun hagunka, shataletale kuma ta ɗaya ɓangaren ake zagaya shi. A babban titi mutum yakan iya, don yana bin na gabansa. Inda ake kuskure shi ne fitowa daga gidan mai ko kwana a unguwa da dare, lokacin da hannu ya koma ga abin da ya saba. A Ingila kuma mil suke rubutawa, 70 ɗin da ka gani a allo kusan kilomita 112 ne. Wanda ya je yaye ɗansa daga jami'a na kwana huɗu, me ya kai shi wannan gwaji? Jirgin ƙasa yana nan.

Ƙananan abubuwan ba sai na daɗe a kansu ba. Kafin ka motsa motar ka zagaya ta da wayarka kana ɗaukar bidiyo, har rufi da tayoyi da kujeru da allon mai, a gaban ma'aikacin, ka sa ya rubuta duk tabon da ka gani. Ka yi haka ranar mayarwa, ka karɓi takardar shaida cewa an karɓa lafiya. Kada ka jefa makulli a akwati ka ruga filin jirgi. Ka tambaya fetur take sha ko gas. An ba ka tanki cike, ka mayar cike. Ɗauka a Jidda ka ajiye a Madina yana da kuɗinsa daban. Jinkirin awa ɗaya ko biyu yana iya zama kuɗin yini guda.

Maƙwabta kuwa, Maraɗi, Yamai, Kwatano, Akra ko Kumasi, abin ya fi kama da namu, domin galibi mota da direbanta ake bayarwa, kuma ni na fi son haka. Ku dai yi magana a fili kan mai da abincin direba da wurin kwanansa. Kada a tsallaka iyaka da motar haya ba tare da rubutaccen izinin mai ita ba. Mai tafiya da motarsa ya san katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tun 1982. Tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya tambayi kamfanin inshorarsa matsayin takardunsa kafin ya kama hanyar Jibiya.

To idan ba haya ba, me? Ga mai Umra amsar a bayyane take. Jirgin ƙasa na Haramaini yana aiki tun 2018, yana haɗa Makka da Jidda da Madina, har da tasha a cikin filin jirgin sama na Jidda. Tafiyar kusan kilomita 450 da mota ke yi a awa huɗu zuwa biyar, shi yana yin ta cikin kimanin awa biyu da rabi, kana zaune kana tasbihinka. Akwai motocin safa, akwai Uber da Careem da za ka ga farashi kafin ka shiga. Sannan ka tambayi kanka ina za ka ajiye motar. A goman ƙarshe, kusa da Harami ko mai gari wahala yake sha, ana tare hanyoyi a lokutan sallah. Ɗan'uwan namu ya ce a kwana biyar ɗin, kwana biyu cur motar tana ajiye, suna biyan kuɗin haya da na wurin ajiya, su kuma suna tafiya da ƙafa. Lokacin aikin Hajji ba a ma maganar, hukumar alhazai ce ke da jigila, ƙananan motoci ba sa shiga Mina da Arfa yadda suka ga dama.

Na san abin da za a ce mini. Jirgin ƙasa yana da ƙa'idar kaya, mu kuma ba ma tafiya da jaka ɗaya. Tikiti yana ƙarewa a azumi idan ba ka saya da wuri ba. Mai tafiya da tsohuwa a keken guragu da yara uku, mota ta fi masa sauƙi. Duk gaskiya ne. Amma ko a nan, shatar mota da direbanta ta fi, domin kamara tasa ce, gogewa tasa ce, ya san hanyar miƙati, kai naka kuɗin da kuka yi ciniki kawai. Wanda nake ganin haya ta dace da shi shi ne wanda zai daɗe, ya san garin, yana karanta Turanci ko Larabci sosai, yana da katin da riƙe jingina ba zai hana shi cin abinci ba. Irin waɗannan a cikinmu ba su da yawa, kuma sun san kansu.

Abin da ya fi damuna a labarin nan ba kuɗin ba ne. Mutanen nan huɗu sahu ɗaya suke sallah, 'ya'yansu makarantar Islamiyya ɗaya suke zuwa. Yau biyu daga cikinsu sai dai sallama daga nesa. Da sun zauna a Jidda minti biyar sun ce duk abin da ya biyo baya, tara ko gyara, kashi huɗu ne, ko kuma wanda ke kan sitiyari shi zai ɗauka, suka rubuta a WhatsApp kowa ya amsa, da ba a kai nan ba. Muna jin kunyar irin wannan magana kafin tafiya, sai mu zo muna yin wadda ta fi ta muni bayan an dawo.

Game da rancen, kwamitin asusu ya zauna, an ba shi rabin abin da ya nema, zai biya cikin wata shida. Ni na goyi bayan a ba shi, amma na faɗa a zaman cewa asusun nan don jinya da mutuwa da gobara muka kafa shi, ba don tarar kamarar Saudiyya ba, kuma zan kawo shawara a taron wata mai zuwa a rubuta hakan a fili. Shugaba kuma ya ɗauki nauyin kiran sauran biyun a gaban dattawa ranar Asabar bayan La'asar. Masu niyyar Umra a Rajab ko azumi mai zuwa da ke son a duba musu lasisi da sunan fasfo, su same ni a ofishin ƙungiya da takardunsu.

Sakataren ƙungiya, Suleja.